Barkar da Na Kai Bariki

Nguru, daren Laraba, tsakiyar Sha'aban

Yau na yi wautar da ba zan sake ba. Matar Baturen da nake wa akawu a kamfanin gyaɗa ta haihu, na aika wa Inna labari a Gashuwa. Ita kuwa ta aiko da bandar kifi da gero da kanwa, wai a dama wa mai jego kunu.

Da la'asar na sa babbar rigata, na zuba kayan a ƙwarya, na nufi barikin Turawa. Na tuɓe takalma a ƙofar gaba, na yi sallama. Shekara shida muna ofis ɗaya da mutumin nan, amma ya fito ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Baƙin mutum ta baya yake shiga."

Na zagaya. Baba Kachalla kuku ya karɓi ƙwaryar, ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce, "Malam, nan ba a zuwa barka." Kafin in fita na ga an zuba wa karensu kifin, ana kuma wanke barandar da na tsaya.

A gari baƙin Bature suke ce mini, in na iso dandali hira ta mutu. Wa zan gaya wa wannan? Daga ni sai fitila.

Inna za ta so jin yadda aka yi. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Daga ƙarshe na rubuta mata cewa an karɓa, an ci. Ban dai faɗa mata wanda ya ci ba.