Jakin Inna da Littattafanka

Malam,

Assalamu alaika. Allah ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana iya karantawa ma, kafin ka kai layi na biyu ka fara faɗan na ɓata maka takarda da wannan karkataccen rubutun nawa. To ka yi haƙuri. Ina cikin takabarka, ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina, kuma yau abin ya kai ni maƙura.

Yara lafiya. Hadiza ta fara kaɗi, zarenta duk ƙulli ne amma tana ji da kanta. Autanka ya fara bin bango. Ruwa bai sauka ba tukuna, sai hadari da ke haɗowa gabas kullum la'asar ya watse. An gama sharar gona.

Ga wanda ba shi da daɗi. Shekaranjiya fatake suka iso daga wajen Musawa, ba jaki ba kaya, wasu ko takalmi babu. Suka ce mahara sun gangaro daga arewa, sun ƙone ƙauyuka, sun kora shanu da mutane. Jiya sanƙira ya zaga da shela, duk wanda ke zaune a ƙauyukan gefen Ƙarfi ya tashi ya shiga ganuwar Malumfashi kafin faɗuwar ranar yau. Liman ya aiko mini cewa mai takaba tana iya barin ɗakinta in ana tsoron rai. Wato ni an sallame ni. Littattafanka fa, wa ya sallame su?

Ka san abin da ɗakin littattafan nan yake a wajen mutanen ƙasar nan. Marinan Kafur da kake korawa su wanke hannu har sau nawa kafin su taɓa maka takarda, ko da yake ka san shuni ba ya fita. Ardon nan da ke zuwa duk kaka ya ari babin zakkar shanu, ya dawo da shi yana warin nono. Matan unguwa da kake sa ni in zauna da su a tsakar gida muna bitar waƙoƙin wa'azi da hukuncin tsarki. Kuma ka san dokarka, wadda ko ɗan sarki ba ka sassauta wa ba: ba a fita da littafi dukansa. Sai ka zaro 'yan ganyen takarda daga gafakar fatar da littafin ke ciki ka ba mutum, ya je ya kwafa, ya dawo da su, sannan ka ba shi na gaba. Kakan ce in ganye ya ɓace ana iya samo shi a bakin wani malami, in littafi ya ɓace ya tafi ke nan. Tun rasuwarka haka nake yi ta bayan zana, ban saɓa ba ko sau ɗaya.

Ƙanenka Garba ya zo jiya da hantsi. Mutumin da ba ya shigowa gidan nan sai ya tsokane ni da cewa tuwona ya yi ruwa, jiya ko murmushi babu. Ya tsaya bayan zana ya ce jakai biyu muke da su. Ɗaya na iri da hatsi, ɗaya na mahaifiyarku Inna, domin gwiwoyinta ba za su kai ta ko bakin rafi ba. Littattafai kuwa a zuba su a randuna, a liƙe baki da laka, a binne a ƙarƙashin rumbu kamar yadda ake yi wa dawa in an ji yaƙi. Na ce masa dawa daban, takarda daban. Na tuna masa gara, na tuna masa damina ce a bakin ƙofa, kuma ba wanda ya san ko sai bayan kaka za mu dawo. Ya ce, matar Yaya, yara ba sa cin takarda. Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da ba ta dace da mai takaba ba. Amma da ya tafi na zauna na duba, ƙarya ya yi? Bai yi ba.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ka sha jin ƙorafina a kan ɗakin nan, cewa shi ake fara yi wa sabuwar jinka nawa yana yoyo, cewa ni ce mai shanya takardu in sun yi sanyi, ni ce mai korar ɓera. Abin da ba ka ji ba shi ne, ranar da ka miƙo mini ganye ka ce in karanta wa matan da kaina, kai za ka kasuwa, ban taɓa farin ciki irin na ranar ba. Na san ba kasuwa ka je ba, a zaure ka laɓe kana saurare, tarinka ne ya tona ka. Me ya hana ni in gode maka? Kunya ce kawai, ga shi yanzu ba ta amfane ni da komai ba.

Don haka jiya da azahar na karya dokarka. Na aika aka kira matan, na fito da gafakoki na jera a tabarma, na ba kowace littafi guda sukutum, wanda take karatu a ciki, ta sa a cikin kayanta ta ɗora a ka. Ba duka ne za su Malumfashi ba. Matar maƙeri dangin mijinta suna Maska, can za su. Wata ma ƙasar Zazzau ta nufa. Na san akwai littafin da ba zai ƙara ganin ɗakin nan ba. Igiyar gafakar nahawu ta tsinke a hannun Ladi, ɗaya daga cikin matan, ganyen suka watsu a tsakar gida, iska na neman kwashe su. Muka bi su da rarrafe, muna haɗa su da kalmar nan da kake rubutawa a gindin kowane shafi don ta nuna na gaba. Ban tabbata mun tsince duka ba. Ka yi fushi? In ka yi, da gaskiyarka.

Sai manyan suka rage, tafsirin nan da ka kwafa da hannunka tun kana saurayi a Katsina, da na fiƙihun da ka gada wajen malaminka. Mace ba ta iya ɗaukarsu ga goyo ga kaya, maza kuwa kowa na fama da nasa iyalin. Garba ya riga ya haƙa rami.

Yau da sassafe Inna ta sa aka fito da ita ƙofar ɗaki. Ka san ta. Ɗan fari ne kai, ba ta taɓa kiran sunanka ba, ko ranar da aka fita da kai ban ga hawayenta ba. Ta kira ni ta ce, 'yar nan, a ɗora kayan yaron nan a jakina, ni zan taka. Garba ya durƙusa yana roƙonta, ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ita ta haife shi. Ta ce idonta bai san baƙaƙen rubutu ba, amma ta san darare da shekarun da aka yi ana rubuta su, kuma ba za ta zauna a kan jaki gara na cin hannun ɗanta ba. Ta kafe. Sandarta ma ta sa aka ɗauko.

Malam, abin da nake so ke nan. Tun jiya jaki nake nema, ga shi an ba ni. Kalma ɗaya zan yi a ɗaura wa jakin akumari, littattafanka su kwana cikin ganuwa. Amma na dubi ƙafafunta. In ta taka, ba mu isa kafin a rufe ƙofar gari ba, kuma kowa ya san waɗanda mahara ke fara cimma a hanya.

Sai na yi maka ƙarya. Na ce mata kafin ka cika ka bar mini wasiyya, cewa muddin akwai jaki a gidan nan kada a bar uwarka ta taka ƙasa. Ban sani ba ko ta yarda ko ta gane. Ta ajiye sandar dai, ta juya fuskarta bango, kuma yau na ji kukan Inna.

Ni na jera su a randa da kaina. Na zuba toka ƙasa da sama, na naɗe su da zanen aurena, na kwaɓa laka na liƙe. Garba ya mai da ƙasa. Yanzu haka yana ɗaure wa jaki mangalar hatsi, Hadiza na kirana, hadari kuma ya haɗo tun rana ba ta yi tsaka ba, wannan karon bai yi kama da mai watsewa ba.

Na sa maka magana a baki wadda ba ka faɗa ba, Allah ya yafe mini. Abin da ya fi damuna shi ne, duk zaman da muka yi, na rasa sanin wanne za ka ɗora a kan jakin nan da kai ne a tsaye. Ni dai uwarka na ɗora.

Sai mun iso inda kake.

Matarka,
Rabi