Ƙwanƙwasa Ɗaya a Bencin Baya

Afrilu, 1934

Yaya Ottmar,

Gaisuwa mai yawa. Yaya birnin Basel, yaya ƙafar matarka Anneliese? Mu dai da sauƙi, in har wannan sauƙi ne.

Surukinka, mijina Leberecht, zai kashe ni da taurin kai. Ka san al'adar ɗalibanmu, malami ya burge su sai su ƙwanƙwasa benci, ya ɓata musu rai sai su goga takalma a ƙasa. Shekara da shekaru ƙwanƙwasa yake sha, yana koya musu cewa mutum ya ajiye abin da aka faɗa masa, ya dubi fuskar ɗan'uwansa, zai ga ciwonsa tun kafin ya yi tunani. To, tun da ya ƙi bin umarnin hukuma na korar ɗalibansa Yahudawa, gugar takalma kawai yake ji. Yaran da suka sha miyar dankali a teburina, wai su ne yanzu da riga mai ruwan ƙasa ta 'yan bangar masu mulki! An kama abokin aikinsa makon jiya. Don Allah ka samo masa wuri a can, ko koyar da ƙananan yara ne.

Ƙanwarka,
Irmgard

Mayu, 1934

Yaya Ottmar,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso cewa ka samo wurin, har na yi kuka don murna. Da ƙyar Leberecht ya yarda mu hau jirgin ƙasa ran Juma'a, na ɗaure kaya.

Sai ya ce zai je laccar bankwana. Na ce tsohon nan, wa zai saurare ka? Ya je. Suna ta gugar takalma, sai wata yarinya a bencin baya ta fara ƙwanƙwasawa, ita kaɗai, duk aji ya juya yana kallonta.

Ya dawo ya kwance akwatinsa. Wai ya ga fuskarta, tsoro ya cika ta amma ba ta daina ba, kuma shi ya koya mata hakan, ba zai tsere ya bar ta ba. Na zage shi, na durƙusa, na ce ni fa, ba ni da fuska? Ya kalle ni har sai da na kau da kai.

Yaya, na tsani yarinyar nan, kuma ina yi mata addu'a. Jiya mutum biyu sun zo suna tambayar lokacin da yake fita. Ka bar komai ka zo da kanka, ko ɗaure shi ne mu yi. Ni na kasa.

Ki gaida gida, Anneliese, ki sako mini Yaya Ottmar.

Ƙanwarka,
Irmgard