Darbejiya a Jikin Katanga

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya iyali, ya jikin Anti Hauwa? Mu nan Azare lafiya lau.

Maƙwabcinmu ya ɗora bene, tagarsa tsakar gidanmu take kallo. Inna ta daina shan iska a waje, kullum tana ɗaki cikin zafin nan. Na so in je in wanke shi tas, ta hana.

Na ce to mu dasa itace jikin katanga. Ta ce zogale. Na ce, "Inna, ke da kwaɗo? Ganyen da zai kare ki za ki cinye!" Darbejiya na dasa, ita ba mai ci.

A gaida yara. Ku taya mu addu'a ta tashi da wuri, Inna ta koma tabarmarta.

Ƙaninka,
Bello