Takardar Bara a Gilashin Motar Baba

Lahadi, 6 ga Afrilu 2025

Baba ya sayo mota. Fara ce, ƙofar baya a lotse. Shanunmu biyu na huɗa ya sayar ya saye ta hannun wani Malam Sadiƙu a Tasawa, don ya riƙa kai kaya kasuwanni. Da Zubaida ya tafi, ɗiyar Baffa, wai ita ce ke kolej, ita za ta duba takardu. Tare fa muka yi CM2, ajin ƙarshe na firamare. Ita ta ci jarrabawa, ni na faɗi, shi ke nan laifina. Da suka shigo garinmu Baoudetta har hannu take ɗaga wa mutane.

Litinin, 7 ga Afrilu

Tun safe Zubaida take ba da labari, sau huɗu na ji shi. Ashe yadda ake cinikin shanu aka yi na motar: dillali, musabaha, fatiha, goro. Inna ta ce, "Takardar ciniki fa, Malam?" Baba ya ce, "Mutumin da muka yi sahu ɗaya da shi?" Kartagiris kaɗai aka miƙa wa Zubaida, wato takardar motar. Ta duba ta ce "c'est bon", wai komai daidai. Yadda ma take murɗa baki in za ta faɗe shi!

Ni wankin motar aka ba ni. Ina goge gilashin gaba na ga 'yar takardar harajin da ake liƙawa, binyat. 2024 ke jikinta. Faransanci ya fi ƙarfina, amma lamba na iya. Ta bara ce.

Ban ce komai ba. Bari mai kolej ta faɗa.

Laraba, 9 ga Afrilu

Baba ya ce wa Zubaida "malamar gidanmu". A gabana.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Fitar farko, buhun wake takwas. Kafin Tasawa jandarmomi suka tsayar da shi. Binyat ta bara, sunan da ke kartagiris ba nasa ba, takardar ciniki babu. An riƙe motar sai ya kawo takardu. A kan kabu-kabu ya dawo, hula a hannu. Abin da ya ce wa Zubaida kaɗai, "Ba ke kika ce sebon ba?"

Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi har la'asar. Sai na ga Baba zaune a turken shanu, ba shanu.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na sami Zubaida bayan rumbu tana kuka. Ta ce, "Rufaida, wallahi ba a taɓa koya mana kartagiris ba. Kunya na ji in ce ban sani ba." Ban taɓa zaton tana jin kunyar komai ba.

Kuma an ce Malam Sadiƙu zai tafi Agadez neman aiki ran Talata. In bai sa hannu ba kafin nan, ba a canza suna, motar tana can.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na faɗa wa Baba. Na ce tun Litinin na ga lambar. Ya daɗe yana dubana. "Me ya rufe miki baki?" Inna na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ni na san abin da ya rufe shi."

Gara da dukana aka yi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mu uku muka tafi Tasawa. Malam Sadiƙu ya rantse mantawa ya yi da binyat, ya sa hannu a takardar ciniki, aka buga hatimi a meri, ofishin magajin gari. A ofishin haraji ma'aikacin ya ce wa Baba, "Mota ba saniya ba ce, Malam. Kafin fatiha a duba takarda." Baba ya yi dariyar dole, ya biya ta bana, muka ajiye takardun canjin suna. Zubaida na karanta kalmomi, ni ina bin lambobi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Gobe za a saki motar.

Ma'aikacin ya yaba wa karatun Zubaida, ni ko kallona bai yi ba. Na tsaya ina jiran kishin nan ya soke ni a ƙirji. Na jira har muka fito. Wataƙila gajiya ce.