Ƙwaryar Tsamiyar Inna

Anka, watan Sha'aban, 2010

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan haƙarka a Bukkuyum. Mu dai muna asibiti, 'yarmu Rashida ba sauƙi. Farfaɗiyar ta lafa, amma ba ta gane ni. Likitoci sun ce dalma ta yi yawa a jininta.

Wata ma'aikaciyar lafiya ta tambaye ni abin da yara ke ci a gida, na ce kunun tsamiyar Inna. Sai ta kawo wata 'yar takarda mai gwada tsami. Ta tsoma a ruwan tsamiya ta yi ja, ta tsoma wata a ruwan kanwa ta yi shuɗi, a ruwan rijiya kuwa da kyar ta sake launi. Ta ce abu mai tsami yana narkar da dalma, kamar yadda ruwa ke narkar da gishiri. Ruwa zalla ba ya iya mata sosai.

Nan take na gano inda gubar take fitowa. Ka tuna ƙwaryar da kake wanke garin dutsen zinare da ita, wadda ka bar wa Inna? A ciki take jiƙa tsamiya ta kwana. Ta wanke ta har hannunta ya gaji, amma garin, mai dalma a ciki, yana maƙale a tsage-tsagenta, tsamiya ke fito da shi.

Ɗanmu Lirwanu yana hannun Inna a Dareta, ga azumi ya ƙarato, kunu kullum. Ka san ni da bakin tsiya, amma ba ni da idon da zan dubi mahaifiyarka in ce kununta guba ne. Kai ka haife su, ita ta haife ka. Don Allah ka bar ramin nan ka je ka karɓe ƙwaryar.

Ka gaida mutanenku.

Taka,
Hawwa'u

Dareta, watan Azumi, 2010

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya ibada, ya ƙishirwa? Ya haƙurinmu kuma? Allah ya karɓi Rashida ranar Laraba da hantsi. An rufe ta ba ka nan. Ban san ko takardata ta iske ka ba, ban kuma san wanne ya fi mini ciwo ba, ta ɓata ko ka karanta ka zauna.

Na shigo gida na tarar da Inna ta tace tsamiya, Lirwanu na riƙe da zanenta yana jiran kunu. Ban ko gaishe ta ba. Na ɗauki ƙwaryar na maka ta da ƙasa, ta rabe biyu a gaban masu ta'aziyya. Yanzu gari duk ya ɗauka baƙin ciki ya taɓa mini kai. Su ce.

Ban faɗa wa Inna dalili ba. Ita ta yi goyon Rashida, ita ke ba ta kunun a baki lokacin da ta ƙi abincin kowa. Tsohuwar nan ta rame, ba ta barci. In ta san gaskiya, kabari biyu za mu tona. Ina jin haushinta, ina kuma jin tausayinta, na rasa inda zan sa raina.

An ɗebi jinin Lirwanu, muna jiran sakamako. Ya fara riƙe ciki yana kuka.

Ka zo, maigida. Ɗazu na leƙa bayan ɗaki in ƙone gutsattsarin ƙwaryar, ban same su ba. Ashe Inna ta tattara ta aika wa mai ɗinkin ƙwarya, ya ce ta karɓa ranar kasuwa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Hawwa'u