Ƙofar Ofis Ta Ƙi Katina

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Ya yara? Ni lafiya lau, har barci nake samu yanzu.

Kin tuna manhajar kwamfutar da na rubuta wa kamfaninmu, wadda aikinta ya hana ni zuwa jinyar Inna, wadda ke rufe wa ma'aikaci ƙofa da zarar an sallame shi? Oga ya dafa ni ya ce, "Ƙanena, kai kaɗai za ka iya." Shekaranjiya na kara katina na shiga ofis, ƙofa ta ƙi buɗewa. Na hango shi ta gilashi, ya kau da kai. Aikina dai bai yi kuskure ba.

Hular kamfanin da na aiko wa Baba, bar shi ya ci gaba da sawa. Kada ki gaya masa tukuna.

Ƙaninki