Yadda Na Bar Taliyar Inna Ta Huce

Osaka,
21 ga Nuwamba

Zuwa ga yayata Fumie,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mai gidanki da yara. Ina fata wannan takarda za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kuma ciwon gwiwar da kika ce yana damun ki ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku a can Sao Paulo inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan duk lafiya lau. Sanyi ya fara shigowa, matata Harue ta riga ta fito da manyan barguna. Ita ma tana nan ƙalau, sai dai yau kwana goma ke nan duk ta dube ni sai ta girgiza kai, kuma dalilin girgiza kan nan ne ya zaunar da ni rubutu. Sau uku ina ɗaukar waya zan kira ki ina ajiyewa. Kunya ce ta hana ni, Yaya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna amanar da kika ba ni lokacin da kika ga ba za ki samu zuwa taron cikar Baba shekara ɗaya da rasuwa ba. Kika ce ba ruwanki da yawan furanni ko tsawon karatun malamin haikali, abu ɗaya kike so, in ga Inna ta zauna cikin dangi ta ci abinci har ta ƙoshi. Kin san yadda ta koma. Shekara guda daga 'yar shinkafa sai shayi, rigunanta duk sun yi mata yawa. Da na tambaye ta abin da take so a ci bayan an taso daga haikali, na ɗauka za ta ce duk abin da aka kawo, kamar yadda ta saba. Sai ta ce ramen, taliyar nan ta cikin romo. Na zaci kunnena ne, na sake tambaya. Ta ce ramen ta ce, mai zafi. Tun da aka binne tokar gawar Baba, wannan ne abu na farko da ta nema da bakinta, don haka na rantse a raina sai na yi mata shi yadda ba a taɓa yi wa kowa ba.

To amma kin san shagon ramen ba wurin taro ba ne. Kujera takwas a jikin kanta, ka ci ka tashi, na bayanka yana layi yana kallon ƙeyarka. Mu kuwa mu goma sha huɗu ne, ga Baffa Tokuzo da sandarsa, ga tsofaffi mata uku. Mako uku na yi ina yawo a lokacin hutun rana, daga unguwar Namba zuwa ta Umeda, ina shiga ina ci ina ƙirga kujeru, har sai da na ƙara wa bel ɗina huda. Wani mai dafawa ya kwashe da dariya, wai 'yan ƙwallo zan kawo masa ko kuwa gobara aka yi a unguwarmu. Wani ya ce ba matsala, mu riƙa shigowa biyu-biyu, kafin rana ta faɗi mun gama. Wani yana da tebura, amma a saman bene mai matakala kamar tsani, wadda ko ni sai da na huta a tsakiya. A ƙarshe na samu wani a Tennoji, kusa da haikalin, mai ɗaki a ciki da dogon tebur da kujeru masu majingina. Romonsu na kaza ne da busasshen kifi, ba ya nauyi a cikin tsoho. Ba wanda ban yi wa fariya da wurin nan ba, har da mai gadin ofishinmu.

Ga inda na fara tona wa kaina rami. Matar da ke kula da wurin ta tambaye ni cikin ladabi ko akwai wanda zai yi jawabi, don in akwai, sai su riƙe taliyar har in ɗaga musu hannu. Na ce mata wane irin jawabi, kalma biyu ce kawai ta godiya. Na kuma dage a kawo kwanuka goma sha biyar a lokaci ɗaya, har da wanda za a ajiye gaban hoton Baba, don ina so dangi su ga tsari. Harue ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, na yi kamar ban ji ba. Ke da kika girma da ni kin san ba a banza Baba yake kirana Rediyo ba.

Ranar ta zo, aka taso daga haikali da tsakar rana, kowa ya zauna. Ma'aikata suka shigo a jere, kafin ƙiftawar ido kwanuka sun cika tebur, tururi ya turnuke ɗakin har tabarau ɗin Baffa ya yi hazo. Na ga Inna da idona, Yaya, wannan ne abin da ya fi cin raina. Ta sunkuya ta shaƙi ƙanshin, fuskarta ta saki, yatsunta suna kan tsinkayen cin abinci. Na ga duk wannan, kuma na miƙe tsaye. Ai kin san ba mai taɓa abinci a irin wannan zama sai mai gayya ya gama magana an ɗaga kofi don mamaci. A sauran tarukan da muka saba, abincin da ake kawo wa kowa cikin ɗan akwati dama mai sanyi ne, ko awa guda za ka yi kana zuba ba abin da zai same shi. Ni da kaina na ɗauko wannan al'ada na aza a kan taliya mai zafi, ko sau ɗaya abin bai faɗo min a rai ba.

Na zaro takarda daga aljihu, shafi huɗu. Na fara daga ƙauyen da aka haifi Baba, na biyo ta masana'antar kekuna, na shiga labarin ranar da ya goya ni zuwa asibiti cikin ruwan sama. Na yi kuka, na share hawaye, na ci gaba. Da na ga kowa ya sunkuyar da kai sai na ce a raina lallai maganata ta ratsa su, har na ƙara wani labarin da ba ya cikin takardar. Ashe kwanukansu suke kallo. Minti ashirin da biyu na yi, Harue ce ta duba da agogon bango, kuma ba ta rage min ko ɗaya ba.

Baffa Tokuzo ne ya cece su. Kin san kurma ba ya rage murya. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kai Shozo, ƙanena dai ya riga ya tafi, ka bar mana taliyar nan da ranta mana!" Ya ɗaga kofinsa, kowa ya ɗaga da sauri kamar an sako su daga ɗauri. Sai a lokacin na dubi ƙasa. Babu tururi ko kaɗan. Taliyar ta shanye romon tas, ta kumbura ta caɓe, maiƙo ya kwanta a samanta fari. Matar wurin ta zo tana ta sunkuyawa kamar laifinta ne, ta ce a bari su sake dafawa. Inna ta ce a'a, ba za a zubar da abinci a gaban hoton mijinta ba. Haka aka ci, kowa yana cewa da daɗi, da daɗi, kuma yabon nan ya fi min zagi ciwo. Baffa kaɗai ya faɗi gaskiya, wai ya gode da na tuna da marasa haƙori. Inna ta yi loma biyu, ta ajiye tsinkayenta, ta haɗa hannu ta yi godiya, shi ke nan.

A jirgin ƙasa muna komawa na zauna kusa da ita ina ta kame-kamen ba da haƙuri. Ta ɗan yi dariya, sannan ta faɗa min abin da ban taɓa sani ba. Ta ce a shekara hamsin da biyu da ta yi da Baba, ba ta taɓa cin ramen da zafinsa ba. In a gida ne, ita ce mai dafawa da zubawa, sai kowa ya gama ta zauna. In an fita, ita ce mai karɓar ƙaramin kwano ta tsinka taliya ta hura ta ba ki, sannan ta ba ni. Wai ke ba ki da wahala, ki buɗe baki ki haɗiye, amma ni kowace loma sai na haɗa ta da labari. Da muka girma jikoki suka zo, da jikoki suka girma hannun Baba ya fara rawa, ta koma ba shi a baki. Ta ce ya sha yi mata alkawari zai kai ta su biyu kaɗai ta ci tana ƙona harshe, ana ta gobe gobe har goben ta ƙare. Ba ta faɗa da fushi ba, wallahi da ma ta yi fushin. Ta dafa gwiwata kawai ta ce, "Ba komai, ɗana, ai na saba jiranka."

Yaya, ke kin san da wannan? Ni dai rashin sani ya fi dare duhu. Shekara arba'in da tara ina zama da matar nan a tebur ɗaya, ban taɓa duba ko abincinta yana tururi ba. Ni da na yi mako uku ina ɗura wa cikina ramen mai zafi kullum da sunan hidimarta, ita da ta nemi kwano ɗaya tak na hana ta. Har muka sauka ban iya ɗaga kai ba.

Washegari na ce ta shirya in sake kai ta, ni da ita kawai, na yi alkawari ba zan ce uffan ba. Ta ce tana da wanki. Na sake tuntuɓa, ta ce sanyi ya yi yawa. Sai ranar Alhamis Harue tana dawowa daga kasuwa, ta bi ta ƙarƙashin gadar jirgi, iska ta ɗaga labulen wani ɗan ƙaramin shago, ta hango ta. Inna ce zaune a kan doguwar kujera tsakanin wani direba da wani magini, ƙafafunta ko ƙasa ba sa kaiwa, ta naɗe hannun riga tana zuƙar taliya da ƙara kamar kowa. Harue ta laɓe bayan falwaya tana kallo har ta ga ta ɗaga kwanon da hannu biyu ta shanye romon, ta goge gumi. Da na je gaishe ta da yamma na tambaye ta me ta ci da rana, ta ce ɗan abin da ya samu.

To kin ji. Inna ta ci ta ƙoshi, na kuma yi murna har cikin raina. Amma ba ta hannuna ba, ba kuma cikin dangi ba kamar yadda kika so. Sai da ta guje mana, ta shiga cikin mutanen da ba su san sunanta ba, sannan ta samu ta ci abincinta da zafi. Wannan ne ya tsaya min a wuya. Ki yafe min, ban riƙe amanarki ba. Ina roƙon ki abu ɗaya: in kin kira ta ranar Lahadi, kada ki ce na faɗa miki komai, ki dai jawo hira a hankali har ki ji ko ya yi mata daɗi. Wataƙila ke ta faɗa miki. Ni ba ni da bakin tambaya.

Ki gaishe min da mai gidanki Paulo, ki ce ina tuna alherinsa. Ki gaida Emiko da Tadashi, Allah Ya yi musu albarka. Harue tana gaishe ki da kyau, Baffa Tokuzo ma ya ce in isar da gaisuwarsa. Ki kula da gwiwar nan, kada ki riƙa yawan hawa bene.

Ƙaninki,
Shozo